Zazzaɓin Injin Kwalekwale: Dalilansa da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

Madatsar ruwa ta Ajiwa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, ita ce take shayar da birnin Katsina tun shekarun 1970, kuma masunta da manoman rani suna cin abinci a gefenta. A kan irin waɗannan ruwaye, musamman manya kamar tafkin Kainji da kogin Kwara wajen Yawuri, akan ga kwalekwale ɗauke da inji a maƙale a bayansa. Ole Evinrude, mutumin Milwaukee ta ƙasar Amurka, yana cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa don sayarwa, wajen shekarar 1909. Ga mai shi, wannan inji jari ne na shekaru. Ga fasinjoji kuwa, mutuwarsa a tsakiyar ruwa yayin da hadari ya taso lamari ne na rai. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi kashe shi shi ne zafi, kuma abin mamaki, yakan ƙone ne alhali ƙafarsa tana cikin ruwa tsundum.

Yadda inji yake sanyaya kansa

Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan digiri 37 na ma'aunin Salshiyos. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina kan kai digiri 40, jiki ba ya barin wannan mizani, domin zuciya tana tura jini ya kwaso zafi daga ciki ya kai shi fata, gumi kuma ya tafi da shi. Inji ma yana da irin wannan bukata, har ma ta fi tsanani. Wutar da fetur ke yi a cikin silinda takan kai wajen digiri 2,000, alhali alminiyam ɗin da aka ƙera fistan da shi yana narkewa a digiri 660. Tun kafin a kai ga narkewa ma, fistan zai kumbura, mai ya ƙone, ƙarfe ya ciji ƙarfe, inji ya buga.

Babur da iska yake sanyaya kansa. Mota tana juya ruwa ɗaya tsakanin inji da lagireto. Shi kuwa injin kwalekwale ba shi da lagireto: yana zuƙar ruwan tafki, ya zagaya da shi, ya zubar. Dabarar tana da kyau, domin kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kilo ɗaya na iska kusan sau 4. Illarta ita ce duk abin da ke cikin tafki yana iya biyo ruwan.

Hanyar ruwan tana da zango biyar. Na farko, mashiga, wato 'yan kafofi masu rariya a ƙasan ƙafar inji. Na biyu, famfo, wanda a cikinsa akwai wata 'yar farfelar roba mai fukafukai. Ita ce zuciyar tsarin. Na uku, bututun da ke hawa da ruwa sama. Na huɗu, lungunan da suka kewaye silinda, tare da tamostat, wata 'yar ƙofa mai kaki a ciki wadda ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 50 zuwa 60. Na biyar, mafita. Akasarin ruwan yana bin hanyar hayaƙi ya fita, amma an bar wata ƙaramar kafa da ke tsartar da siririn ruwa a gefen inji, domin matuƙi ya gani da idonsa cewa famfo yana aiki.

Alamomin zazzaɓi

Alama ta farko ita ce tsartuwar nan ta raunana, ko ta riƙa yankewa, ko ta ɗauke. Sai ruwanta ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko tururi ya maye gurbinsa. Daga nan inji zai rage ƙarfi, a ji warin ƙonewar fenti ko roba. Sababbin injuna suna da ƙararrawa, wasu ma sukan rage gudu da kansu. Da zarar an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a rage wuta, a kashe inji, a ɗauki filafili. Kada a kwara wa kan inji ruwan sanyi, domin ƙarfen da ya huce farat ɗaya yakan tsage.

Binciken dalili

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abin da ba ya bukatar kuɗi ko sifana, sa'an nan a matsa zuwa mai wuya.

Da farko a ɗaga ƙafar inji a duba mashiga, bayan an tabbata an kashe shi. A nan ne ilimin halittu yake shigowa. Kainuwa da ganyen bado da gansakuka duk suna liƙewa a rariya. A dausayin Haɗeja da Nguru ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kuma gutsattsarinta suna yawo ko'ina. Amma babbar abokiyar gaba a yau ita ce leda: guda ɗaya ta isa ta rufe mashiga ruf. Sau da yawa takan faɗi da kanta idan inji ya tsaya, shi ya sa akan duba a rasa dalili.

Na biyu, a duba kafar tsartuwa. Zanzaro yana neman ƙananan ramuka ya cika su da laka ya saka ƙwansa, kuma injin da aka jingine na makonni gida ne a wurinsa. Yashi da ɓawon ƙananan katantanwa su ma suna toshe ta. A zura igiyar fatsa mai kauri a hankali. Idan ruwa ya dawo da ƙarfi kuma inji bai yi zafi ba, to kafar ce kawai ta toshe.

Na uku, farfelar roba. Da rani, idan madatsa ta ja baya, inji yakan zuƙi yashi da taɓo, su cinye fukafukanta kamar magagari. Tayar da inji a tudu ba ruwa yakan lalata ta cikin ƙasa da minti ɗaya, domin ruwan ne man shafawarta. Dogon ajiya kuma yana sa robar ta sandare. Gyaranta shi ne a kwance ƙafar inji, a buɗe murfin famfo, a sa sabuwa, ana juya sandar ta fuskar da hannun agogo ke bi yayin mayar da murfi, don fukafukan su kwanta daidai. A ƙirga fukafukan tsohuwar. Idan ɗaya ya ɓace, yana nan maƙale a hanyar ruwa, kuma tilas a nemo shi.

Na huɗu, tamostat. Idan tsartuwa tana da ƙarfi amma inji yana zafi, wataƙila ƙofar ta cije a rufe. Wasu sukan cire ta su yar, amma wannan kuskure ne: injin da ba ya ɗumama yana shan mai, yana tara baƙi a fulogi.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a dubi yadda ake amfani da injin. Lodi fiye da kima yana wahalar da shi. Ɗaura shi sama da yawa yana sa mashiga ta zuƙi iska. A injin da ake gauraya fetur da baƙin mai, yawanci kashi 50 da kashi 1, rage man yana ƙara gugar ƙarfe. Ɗigon ruwa a kan fulogi kuwa alama ce gasket ɗin kan silinda ya ƙone, wannan kuma aikin ƙwararren makanike ne.

Gwaji don aji

Malami zai iya samo tsohuwar tamostat wajen makanike. A rataye ta da zare cikin tukunyar ruwa tare da ma'aunin zafi, ba tare da ta taɓa gindin tukunya ba. A ɗora a wuta, ɗalibai su rubuta digirin da ƙofar ta fara buɗewa, su kwatanta da lambar da akan buga a jikinta. Sa'an nan su amsa: wane sashe na ƙwaƙwalwa ne yake yi wa jikin mutum irin wannan aiki?

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. A gwada inji a cikin ganga cike da ruwa, ba a tudu ba. A duba farfelar roba kowace shekara. A ajiye sabuwa ɗaya a cikin kwalekwale tare da filafili da rigunan kariya. Matuƙin da ya saba waiwayar tsartuwar nan da zarar ya tayar da inji, da kuma duk lokacin da ya ratsa ciyawa ko ruwa mara zurfi, da wuya zafi ya shammace shi.