Shawarwari ga Iyaye: Yadda Yaro Zai San Darajar Ruwa, Itace da Ƙasa

Tambayi ɗan shekara biyar a unguwarku daga ina ruwa yake fitowa. Zai ce daga famfo, ko daga jarkar mai garuwa. Gawayi fa? Daga buhu. Ba laifinsa ba ne, iyakar abin da idonsa ya gani ke nan. Wanda bai san inda abu ya fito ba, ba ya jin zafin ɓarnarsa, kuma dogon wa'azi a kan muhalli ta kunnen dama yake shiga ya fita ta hagu. Abin da yaro ya taɓa da hannunsa shi ke zama a kansa.

1. Ku bi abu ɗaya har tushensa. A ɗauki tuwon daren jiya a yi ta komawa baya da shi: gari daga injin niƙa, dawa daga gona, gona kuma ruwan sama take jira. Miyar kuka ganyen bishiya ce, wutar da ta dafa ta icen da wani ya saro a daji ne. In da rijiya kusa, a bar shi ya ja guga ɗaya, babba na riƙe da shi. Daga ranar zai rage watsa wa ƙannensa ruwan randa da sunan wasa.

2. Ku fara da butar alwala. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita guda ba. A cika wa yaro rabin buta, a ce a ga ko zai kammala alwalarsa bai ƙarar da ita ba. Yara na son gasa, za ku sha mamaki. A kuma ajiye baho a wurin, ruwan da ya taru ya je ya zuba wa shukarsa.

3. Ku ba shi bishiyarsa ta kansa. A nan ne aikin yake. Zogale ya fi dacewa da mai gajen haƙuri, domin cikin 'yan watanni yakan wuce tsawon mai shi, har uwa ta tsinki ganye ta yi kwaɗo, ta faɗa a gaban kowa cewa daga bishiyar wane ne. In da fili a ƙofar gida, a dasa darbejiya. Shi zai yi ban ruwa, shi zai kewaye ta da ƙaya, kuma ranar da akuyar maƙwabta ta cinye ta, kada a yi saurin lallashinsa da wata. A bari ya ɗan ji ciwon asarar tukuna.

Iyalin da ke da gona su nuna masa gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa gero rana, ta yi kore da rani dabbobi su samu abinci. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ba. Ɗan shekara bakwai zai iya zaɓar reshen da za a bari.

4. Ku gwada masa zaizaya a tsakar gida. Faranti biyu: ɗaya da ƙasa tsagwaronta, ɗaya da ƙasar da aka ɗebo da ciyawarta. A karkata su, ya zuba musu ruwa da moɗa. Zai ga na farko ya kwaranye ya zama taɓo, na biyu ya riƙe. Ba sai an ƙara bayani ba.

5. Leda kuwa, ku tambayi mahauci. Duk wanda ya daɗe a sana'ar fawa ya sha ciro dunƙulen leda daga tumbin tunkiya. Wannan labari ya fi tsawa tasiri a zuciyar yaron da ke da ɗan ragonsa. A binne leda da ɓawon ayaba a gefen katanga, a tono bayan wata biyu, ya gani da idonsa wanne ya ruɓe. Sannan a nuna masa kwatar layinku da ta cika da ledar fiya wata, wadda ke maido muku da ruwa ɗaki duk watan Agusta. A ba shi jaka ko kwando in za a aike shi. Amma fa uban da ke jefa leda ta tagar mota ya rushe darasin gaba ɗaya.

6. A kashe murhu in an sauke tukunya, a tsame sauran icen a ajiye. Wannan aikin manyan yara ne, ƙanana su kalla daga nesa.

7. Ku gaya masa abin da ake tonowa a ƙasa ma yana da haɗari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Kada dutsen haƙa ya shigo gida, kada kuma tsohon batirin mota ya zama abin wasa.

8. Ku sa kakanni su yi magana. Su san dajin da ya koma unguwa da rafin da ya ƙafe. Wanda ya ci bandar kifin Baga da ƙuruciya zai ba da labarin Tafkin Chadi, da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kafin fari da yawan ɗiban ruwa su cinye mafi yawansa. Sai dai kada a tsorata yaro ya kwana da fargaba. Duk labarin asara a haɗa shi da ɗan aikin da zai yi gobe da safe.

Iyaye, kafin ruwan farko ya sauka, a tanadi irin zogale da tsohon gwangwani a miƙa wa kowane yaro nasa.