Mai niyyar zuwa Nguru da Gashuwa ya fara duba wata

Yawancin masu dawowa daga Nguru da Gashuwa suna cewa ba su ga komai ba sai rana da ƙura. Idan ka bincika, za ka tarar a bakin kwalta suka tsaya, kuma a watan da bai dace ba suka je. Arzikin wannan yanki a ruwa yake. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala cikin fadamu kafin su haɗu su zama kogin Yobe a kusa da Gashuwa, kuma wannan ruwa yana da lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafkuna ke riƙe da ruwa, iska ta yi sanyi, tsuntsayen da suka gudo wa hunturun Turai suka ƙetaro Sahara suka sauka, suka tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Wanda ya zo a Afrilu zai iske ruwa ya janye, baƙin tsuntsaye sun koma, zafi kuma ya hana shi sakat. Wanda ya zo a Agusta ko Satumba kuwa, ambaliya na iya yanke masa hanyoyin ƙauye.

Wurin da ya fi cancantar wahalar matafiyi shi ne Dagona, a ƙaramar hukumar Bade, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Yarima Philip na Ingila ya zo nan a 1989 domin waɗannan tsuntsaye, abin kunya ne a ce ɗan Kano ko Katsina bai san da wurin ba. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ma sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000. A kwana a gari, a fita bayan sallar asuba, domin da hantsi ya ɗaga tsuntsaye sun watse. A nemi ma'aikatan gandun kafin a shiga, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora. Batun kwale-kwale kuma ba na wasa ba ne: a yi ciniki tun ana tudu, kada a shiga wanda aka danƙara wa buhuna da babura, kada a yarda da ƙetare ruwa bayan magariba komai lallashin matuƙi. Ƙarin kuɗin da za ka biya a ɗauke ka kai da abokan tafiyarka kaɗai bai kai darajar ranka ba.

Wani zai ce ai dausayin ya lalace, me ya rage? Akwai gaskiya a maganar. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe magudanu da yawa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye wa manoma shinkafa da gero. Amma wannan dalili ne na zuwa yanzu. Har yau masunta na jefa koma, ana bandar kifi, ana noman rani a fadama, kuma wurin da baƙi ke ziyarta ya fi wuyar mantawa a wajen hukuma. Wani kuma zai kawo batun tsaro da zarar ya ji sunan Yobe. Nguru na yammacin jihar, maƙwabciyar Jigawa ce, ta Haɗeja ake shigo mata daga Kano. Duk da haka a tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar tafiya, a yi tafiyar rana, a riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro.

Cikin garuruwan ba ya cin lokaci. A Nguru a leƙa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin dogo daga Kano, wadda gyaɗa da ƙaro da fatu suka raya. A Gashuwa a ga fadar Mai Bade, a sayi bandar kifi. Mai son bikin kamun kifi na Bade a Gogaram ya tabbatar da ranarsa daga masarauta kafin ya kama hanya, domin ba kowace shekara ake yin sa a rana ɗaya ba.