Kafin ka sayi babbar mota ta hannu a Garwa

Maigida, iyali sun ƙaru, ranka ya biya da Range Rover Sport ko Porsche Cayenne ta hannu. Dakata tukuna. Motocin nan tataccen mai suke so, fetur ɗin zuwa-zuwa na bakin titi yakan illata injinsu. Zafin Garwa a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, sai ka sa bakanike ya duba lagireto da na'urar sanyi. Ramukan hanyar Ngaundere suna gajiyar da ƙafafun motar, kayan gyara kuwa sau da yawa sai an aiko daga Duwala. Ka tabbatar lambar shasi ta dace da takardun mota da na duwan. In gyara zai ci kuɗin makarantar yara, ɗauki Prado, kayanta sun fi sauƙin samu.