Rage Ƙiba Daga Kwano Yake Farawa

'Ya'yana, na ga da yawanku sun ɗaura ɗamarar rage teɓa. Wani yana sammakon gudu, wata ta sayo shayin rage ƙiba. Niyyar ta yi kyau, amma ku fara sanin yadda jiki yake lissafinsa, kada wahalarku ta tashi a banza.

Jiki tamkar magidanci ne mai rumbu. Abincin da ya wuce buƙata sai ya adana shi, ya zama kitse, kuma ba ya buɗe rumbun sai abin da ke shigowa ya gaza. Ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa shi ake kira kalori. Namiji baligi yana buƙatar wajen 2,500 a yini, mace wajen 2,000. Mafi yawansu numfashi da bugun zuciya da ɗumama jiki ne ke cinye su, ko da mutum yana kwance.

Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Wanda ya rage 500 kullum zai sauke kimanin rabin kilo a mako. To, ina za a samo 500 ɗin? Tafiyar awa guda da sauri wajen 300 take ƙonawa, alhali lemon kwalba mai zaƙi babba ɗaya ya haura 200, cokalin man gyaɗa kuma 120. Kun ga abin da ƙafa ta ƙona da gumi, baki yana iya mayar da shi a zama ɗaya. Saboda haka ku rage malmalar tuwo, ku ƙara zogale da wake da kifi, ku sassauta sukari a shayi da koko, ku rage soye-soye.

Ban ce ku bar motsa jiki ba. Shi ne ke riƙe tsoka yayin da kitse ke narkewa, yana taimakon zuciya, yana sauƙaƙa hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar rabin awa sau biyar ta cika su.

Ku guji horon kai da yunwa, domin ƙarshensa ramuwar gayya ce a kan kwano. Shayin rage ƙiba ma, yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Mai ciwon sukari da mai juna biyu su fara ganin likita.

Ƙibar da ta taru cikin shekaru ba ta tafiya a mako guda. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku albarka.