Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin Kuromozom a Magudanar Maɗaciya

Wani mai sauraronmu daga Karakara ta jihar Dosso yana neman bayani a kan gwajin da ake gane sankara da shi idan magudanar ruwan maɗaciya ta tsuke.

To Malam, wannan magudana ita ke kai ruwan daga hanta zuwa hanji, kuma idan ta ƙuntata sai shawara ta bayyana, alhali sababin yana iya zama tsakuwa, ko tabon kumburi, ko sankara. Bisa al'ada likita yakan zura bututu mai kyamara ta baki, ya karto ƙwayoyin halitta daga wurin, amma sau da yawa madubin awo ba ya yanke hukunci, a zauna cikin shubuha. Saboda haka masana, musamman na asibitin Mayo a Amurka, suka riƙa shafa wa ƙwayoyin rini mai ƙyalli, wanda ke manne wa kuromozom, wato zaren gado da ke cikin ƙwaya, na 3, da na 7, da na 17. Da yake lafiyayyar ƙwaya biyu-biyu take ɗauke da kowannensu, idan aka ga sun zarce haka, hujja ta ƙarfafa cewa sankara ce, ko da yake rashin ganin ƙarin bai kore ta ba.

Mai ciwon shawarar da ya daɗe ya fara da zuwa asibiti, a yi masa hoton ciki.