Darasi: Gatarin Aradu, Aikin Hannun Mutanen Da

Uwargida, ko yaro ya taɓa tsinto miki wani dutse mai santsi da kaifi a gefe guda daga gona, a Isa ko Sabon Birni, musamman bayan ruwa ya zaizaye ƙasa? Mutane na ce masa gatarin aradu, wai tsawa ce ta jefo shi. Wannan camfi ne. Mutanen da ne suka yi shi tun kafin a san ƙarfe.

Ga yadda suke yi: su sami dutse mai tauri, su farfasa gefensa da wani dutsen, su koɗe shi kamar yadda kike koɗa dutsen niƙa, sannan su goga shi da yashi da ruwa har ya yi kaifi, su ɗaura masa ƙota. A wancan zamani aka sassaƙa kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, wanda ya kai shekara 8,000. Can arewacin Kanada ma, a zamanin da, matan Inuwit da wuƙar dutse suke fiɗa.

Don haka kada ki jiƙa shi a matsayin magani, kada ki sayar wa dillalai. Ki nuna wa yara, sannan a kai gidan tarihi a Sakkwato.