Yadda Ake Zaɓen Littafin Shirin Jarrabawar JAMB

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe, da iyayenmu na cikin Ekklesiya, wannan darasi domin ku ne. Kowace shekara idan lokacin rajista ya matso, sai ka ga shagunan littattafai a Talata Mafara da Gusau sun cika da littattafan shirin jarrabawa, kowanne da bangonsa mai ƙyalli da alkawarin nasara. Uba ya sayar da buhun gero ko tunkiya ya ba yaro kuɗi, yaro kuwa ya ɗauko wanda ya fi kauri. Kauri ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin littafi shi ne manhajar da hukumar jarrabawa ta fitar.

Da farko mu san jarrabawar kanta. An kafa hukumar JAMB a 1978. A da, jarrabawar shiga jami'a daban take da ta shiga kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha, amma a 2010 aka haɗe su wuri guda da sunan UTME. Saboda haka mai neman Jami'ar Tarayya ta Gusau, da mai neman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da mai neman Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, duk ƙofa ɗaya za su bi. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne a cikinsu. Tambayoyi 180 ne: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, cikin awa biyu, jimillar maki kuwa 400. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta.

To, ga abubuwa biyar da za ka duba kafin ka zaro kuɗinka.

Na ɗaya, san darussanka. Mai son karatun likita zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fizik. Mai son injiniyanci kuwa Lissafi zai sa a maimakon Bayoloji. Hukumar tana da kundin da ke nuna darussan da kowane fanni yake bukata. Ka nemi malamin ajinka ku duba tare. Wanda ya sayi littattafai kafin ya tabbatar da darussansa ya ɗaura sirdi kafin ya sayi doki.

Na biyu, riƙe manhaja a hannu. Hukumar tana sa ta kyauta a shafinta na intanet. A buga ta a takarda, ka tafi shago da ita. Buɗe jerin babukan littafin, ka gwada su da batutuwan manhajar ɗaya bayan ɗaya. In ka ga manyan batutuwa sun ɓace, mayar da shi.

Na uku, duba shekarar bugu. Wannan ya fi muhimmanci a darasin Turanci, domin akwai littafin labari da hukumar take wajabtawa, kuma tana canza shi. A 2021 aka soma amfani da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 kuma aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Littafin da yayanka ya bar maka zai amfane ka a Lissafi ko Kimistiri, amma kada ka dogara da shi wajen labarin. Ka tambayi wanda aka sa a shekararka.

Na huɗu, nemi mai bayani. Littattafan tambayoyin shekarun baya iri biyu ne. Wani yakan rubuta amsa kawai, ya ce ta ɗaya B ce, ta biyu D ce. Wani kuwa yakan nuna hanyar da aka bi har aka kai ga amsar. Na biyun shi ne malami, na farkon hadda kawai yake koyarwa, kuma da an juya tambayar kaɗan sai hadda ta watse. Ga gwaji mai sauƙi: zaɓi tambayoyi goma daga batun da ka iya sosai, ka duba amsoshin littafin. In ka sami kuskure biyu ko uku, to, akwai wasu da yawa a wuraren da ba za ka iya ganewa ba.

Na biyar, ka sani littafi ba zai koya wa yatsunka kwamfuta ba. Awa biyu ga tambayoyi 180 daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ajiye agogo a gabanka duk lokacin da kake gwada kanka. Tun 2017 hukumar tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya yi ƙoƙari ya shiga.

Mun san halin da yankinmu ya shiga. Bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a watan Satumba na wannan shekarar, an rufe makarantu na wani lokaci, ɗalibai da yawa suka hau aji na gaba da giɓi a karatunsu. Littafin tambayoyi ba ya cike irin wannan giɓi. Wanda ya san akwai babin da ba a koya masa ba, ya koma ga littafin darasi na aji tukuna. In kuɗi ya yi ƙaranci, mutum uku ko huɗu su haɗa hannu, kowa ya sayi na darasi ɗaya, a riƙa musanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon zumuntar mata da ta matasa su taimaka da littattafai ga marayu.

A ƙarshe, ku yi hankali da masu cewa suna da tambayoyin bana tun kafin ranar jarrabawa. Yawancinsu macuta ne, kuma hukumar takan soke sakamakon wanda aka kama. Ko da ba a kama ka ba, ɗan Allah ba ya gina makomarsa a kan sata. Ka zaɓi littafi ɗaya mai kyau a kowane darasi, ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ka yi addu'a, ka yi aiki. Ubangiji ya ba ku hikima da nasara. Amin.